Koyote na ɗauke mana 'yan tumaki, wane harsashi zan saya?

Mai tambaya, yammacin Texas:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a gonar kiwon tumaki da awaki. Tun da tumakin suka fara haihuwa, koyote, dilan nan na Amurka, ya hana mu sakat. Da asuba sai mu tarar da ragowar ɗan rago a gindin shinge. Mai gonar ya ba ni bindigarsa mai cin harsashin .223 Remington. A shago na ga FMJ, wato harsashi mai cikakkiyar rigar ƙarfe, mai giren 55 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) da araha, na kuma ga masu kan roba irin su Hornady V-MAX da Nosler Ballistic Tip, sun fi tsada. Ba fata nake nema ba, garken nake son tsarewa. Wanne zan ɗauka?

Wani dattijo daga Oklahoma:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Bar musu FMJ ɗin nan. Na gwajin saiti ne a filin harbi. Ba ya buɗewa a jikin dabba, sai ya ratsa ya fice da ɗan ƙaramin rami, koyoten ya gudu ya je ya mutu a daji cikin azaba. Ko abin da ke mana ɓarna, idan za a kashe shi, a kashe shi da sauri. Sannan idan ya bugi dutse yakan yi tsalle ya canza hanya, ga tumaki, ga makwabta. Koyote ba ya cika wuce kilo 20 ba, harsashi mai kan roba na giren 50 ko 55 yana fashewa a ƙirjinsa, a nan take yake faɗuwa. Ka nufi bayan kafaɗa. Masu giren 40 idan suka daki ƙashin kafaɗa daga kusa, wani lokaci a waje suke tarwatsewa ba tare da sun shiga ba.

Wani daga Nebraska:
Gaskiya Baba ya faɗa. Abin da zan ƙara, ka duba murɗin da ke cikin bututun bindigar, wasu kamfanoni suna rubuta shi a jiki. Idan 1:12 ne, wato murɗi ɗaya a kowane inci 12, kada ka wuce giren 55, masu nauyi da tsawo ba za su tafi daidai ba. Idan 1:9 ko 1:8 ne, har giren 69 zai ɗauka. Ka sayi kwali iri biyu, ka kafa takarda a yadi 100, wanda ramukansa suka fi haɗuwa shi ne naka.

Wani daga Wyoming:
Ni dai a fili mai iska na fi yarda da bindiga mai cin .22-250. Giren 55 ɗin nan yana fita da gudun ƙafa kusan 3,600 a daƙiƙa, na .223 kuwa kusan 3,200.

Dattijon Oklahoma:
Bindiga ɗaya gare shi, malam. Ƙasa da yadi 250 ta ishe shi.

Wata 'yar'uwa daga Kalifoniya:
Yaya, ka lura da doka tukuna. Mai bizar zama na ɗan lokaci, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai idan yana da lasisin farauta, mai girin kad, wato katin zaman dindindin, ba ya cikin wannan hanin. Mu nan tun Yulin 2019 an hana farauta da harsashin dalma, sai na jan ƙarfe irin na Barnes. Kuma harbi kaɗai ba zai kai ka ba, ka kashe wannan wani ya maye gurbinsa. Ku nemi kare mai gadin garke, Great Pyrenees, ko jaki, ku riƙa shigar da masu jego garka da daddare.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Girin kad gare ni, amma zan yanki lasisin. Na duba bututun, 1:9 ne. Ranar Asabar zan gwada V-MAX da Nosler masu giren 55. Maganar kare kuma zan kai wa mai gonar yau da yamma.