Ƙaramin batirin Prius ya fara gajiya: wa ya taɓa canja nasa, kuma wane iri ya sa?

Mai Prius 2012, Kano:
Salamu alaikum 'yan uwa. Motata ta ɓullo da sabon hali. Da safe in na danna maɓalli sai fitilun dashbod su kama gaba ɗaya, READY, alamar da ke nuna mota ta tashi, ta ƙi fitowa sai na sake dannawa. Bakanike ya auna, ya ce ƙaramin batirin nan ne mai bolt 12, babban da ke taya inji jan motar lafiyarsa ƙalau. Waɗanda suka canja nasu, irin nata zan nema ko in sa wanda ya fi girma in huta?

Mai wayarin, Kaduna:
Wa alaikumus salam Alhaji. Gode wa Allah da ka samu wanda ya auna. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 motocin nan suka yawaita a garejinmu, kuma na sha ganin an tsorata mutum da kuɗin babban batir alhali ƙaramin ne ya mutu. Ka sani, wannan ƙaramin ba shi ke murza inji ba. Motar ba ta da kik irin na sauran motoci, ba ta da altaneta. Aikinsa ya tada kwamfutocin motar, ya jona babban batirin mai bolt 201.6, shi kuma babban ya tada inji. Don haka girma ba zai ƙara maka komai wajen tashi ba. Abin dubawa uku ne: ya zama AGM, wato busasshe da ba a zuba masa ruwa, ya zauna daidai a mazauninsa, kuma yana da ramin da ake saka ɗan tiyon nan mai fitar da iskar batir waje. Batirin a but yake, gefen dama, iska ɗaya yake shaƙa da iyalinka. Lambar naka S46B24R.

Direban haya, Abuja:
Oga ya faɗi gaskiya, amma akwai abin da bai ambata ba: kawunan batirin. Na Prius sirara ne irin na Japan. Wani mai shago ya sayar min da batiri mai kauri a kai, ya ce ai duk ɗaya ne, yaronsa ya ɗauko fulaya zai buɗe bakin wayar da ƙarfi. Na ce a'a, a mayar min da kuɗina. Ka duba kuma inda jan kai yake, hagu ko dama, don wayar gajeriya ce, in ya juya ba za ta kai ba. Ɗauki hoton tsohon kafin ka fita kasuwa.

Hajiya, Maraɗi:
Tawa 2008 ce, ta Kwatano ta shigo. Ni dai abin da ya ba ni wahala ba sayen ba ne. Ranar da ya mutu murus, but ɗin ya ƙi buɗuwa, don da lantarki yake buɗewa, ga batirin a ciki. Ɗana ya kwantar da kujerun baya zai rarrafa, sai maƙwabcinmu ya ce a bari. Ya ɗaga bonet, ya buɗe akwatin fis, ya nuna mana wani ɗan jan murfi. Nan ake maƙala jar waya, baƙar kuma a jikin ƙarfen mota. Nan take ta farka. Bayan an canja, agogo ya koma baya, tashoshin rediyona duk sun goge, gilashin direba ya daina hawa da kansa sai da aka sauke shi aka ɗaga aka riƙe maɓallin na ɗan lokaci.

Mai wayarin, Kaduna:
Haka ne Hajiya. Sai dai jan murfin nan na karɓa ne, ba na bayarwa ba. Kada a tada wata mota da Prius, komai kunyar mai roƙo. In aka juya waya ko aka ja wuta da yawa, abin da zai ƙone ya ninka kuɗin batir sau da yawa.

Injiniyan sola, Zariya:
Ni na saɓa da ku kaɗan. Na sa na lithium, irin LiFePO4 da muke sa wa gidaje, mai bolt 12 da aka yi don mota. Ba shi da nauyi, kuma motar kan yi makonni a ajiye in na tafi aiki, in dawo ta tashi ba gardama. Amma ba zan ce kowa ya bi ni ba. Yana da allon kariya a ciki, in ya ga abin da bai masa ba sai ya yanke wuta ɗif, ba gargaɗi, kuma zafin but a watan Afrilu ba wasa ba ne. Wanda ba zai iya bibiyarsa da mita ba ya tsaya a AGM.

Direban haya, Abuja:
Injiniya, kuɗin naka zai sayi nawa biyu. Ni abin da na lura yana kashe su shi ne zaman jira. Mutum ya faka yana jiran fasinja, ya bar mota a ACC, wato ya danna maɓalli bai tada ta ba, yana jin rediyo yana cajin waya. A nan ƙaramin kaɗai ke shan wahala. Bar ta a READY, giya a P, babban zai riƙa ciyar da shi, inji ya tashi jifa-jifa ya mutu da kansa.

Mai Prius 2012, Kano:
Na gode ƙwarai. Oga, in na je Ƙofar Ruwa yaya zan gane sabo daga wanda ya daɗe a shago?

Mai wayarin, Kaduna:
Tafi da mita, ko ka tafi da mai wayarinka. Kafin a ɗaura ya nuna bolt 12.6 ko sama. In ya nuna kusan 12 cif, ya sha zama, a ba ka wani. Duba ranar da aka buga a jikinsa. Wajen cirewa baƙar waya ce farko, wajen ɗaurawa ita ce ƙarshe. In an gama ka sa ta a READY a sake aunawa, ya kamata ka ga wajen 14. Kuma ka tsaya a kansu har su mayar da tiyon, yara na yawan barinsa yana lilo.