Karkatarwa ko aro: wane suna ya dace da printer redirection a Hausa?

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa masu aikin kwamfuta. Ina so mu tsayar da magana a kan abin da ake kira printer redirection, domin kalmar da ta fi yawo a bakinmu, wato karkatar da firinta, tana ɓatar da mai koyo a ranar da ya fi bukatar ta shiryar da shi, ranar da takarda ta ƙi fita.

Ga yadda abin yake aukuwa. Ma'aikaci yana zaune gaban kwamfutarsa, ya shiga wata kwamfutar da ke nesa ta hanyar Remote Desktop na kamfanin Microsoft, fasahar da ta fara fitowa a 1998 cikin Windows NT 4.0 Terminal Server Edition. Manhajar da yake aiki da ita tana can, takardar da yake son bugawa tana can, amma firintar tana nan kan teburinsa. Da zarar zama ya ƙullu, wato haɗin da ke tsakanin kwamfutocin biyu tun daga shigarsa har fitarsa, kwamfutar kusa takan sanar da ta nesa firintocin da take da su, ita kuma ta nesan ta buɗe wa kowacce gurbi na wucin gadi. Shi ya sa za ka ga sunan firintarka ya bayyana a can da kalmar redirected da wata lamba a ƙarshensa, wadda ita ce lambar zamanka, kuma an ɗora ta a kan tasha, wato mashigar da aikin bugu ke bi, mai suna irin TS001. In ka ba da umarnin bugu, aikin yakan dawo maka ta cikin hanyar da hoton allon ya biyo. In ka rufe zaman, gurbin ya shafe.

To a cikin wannan duka, me aka karkatar? Firinta ba ta gusa daga inda take ba. Karkatarwa tana nufin abu ya kama hanyar wani wuri sai aka sauya masa akala, kuma kunnen Bahaushe ya saba jin ta a zancen kuɗin jama'a da aka yi awon gaba da su, don haka tana ɗauke da ƙurar laifi alhali nan babu laifi. Turawa ta dace da takardar, ba da firintar ba. Jonawa kuwa mun riga mun ba wa waya da soket, kuma duk wanda ka ce wa firintarsa ba ta jonu ba, ƙarƙashin tebur zai leƙa yana taɓa waya, matsalar kuwa tana can wani gari.

Shawarata ita ce mu ce aron firinta, ita kuma wadda ta bayyana a cikin zaman mu kira ta firintar aro. Hausa ta raba aro da rance: abin rance madadinsa ake mayarwa, abin aro kuwa shi kansa yake komawa ga mai shi, kuma bai taɓa fita daga mallakarsa ba. Haka firintar nan take. Kwamfutar kusa ce ta ba da aron, ta nesa ce ta karɓa, wa'adin aron kuma tsawon zaman ne.

Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne kalmar da kanta tana jera wa mai gyara tambayoyinsa. Mai kaya ya yarda ya bayar? Wannan amsarta tana kwamfutar kusa, a shafin Local Resources na manhajar shiga, inda dole a sa alama a akwatin Printers kafin a ƙulla zama. A fayil ɗin rdp kuwa, wanda ke ajiye saitunan shigar, layin redirectprinters:i:1 ne ke nuna yardar. Shi mai karɓa an bar shi ya karɓa? Mai kula da sabar, wato kwamfutar nesan, yana iya hana aron gaba ɗaya ta wata dokar Group Policy, tsarin kafa wa kwamfutoci dokoki a Windows, mai suna Do not allow client printer redirection, kuma in ta hau, duk abin da ka gyara a wajenka aikin banza ne.

Sai babbar tambaya, wadda a kanta aka fi shan wahala: wanda ya ari kayan ya iya aiki da su? A da, sai kwamfutar nesa tana da direban firintar, wato manhajar da ke sarrafa ta, mai suna daidai da na kwamfutar kusa, in babu sai firintar ta ƙi bayyana, a rubuta kuskure mai lamba 1111 a Event Viewer, kundin da Windows ke rubuta abubuwan da suka auku. Wannan ne ya sa masu kula da sabar suka riƙa cusa mata direbobi barkatai, direba ɗaya mara kyau kuwa yana iya kayar da Print Spooler, mai jera ayyukan bugu, kowa da ke kan sabar ya rasa firintarsa lokaci guda. Windows Server 2008 ta zo da Easy Print don rage wannan: sabar takan shirya takardar a tsarin XPS, wani nau'in fayil ɗin takardu, ta aiko, direban da ke kwamfutar kusa ya ƙarasa aikin. Duk da haka mai jera bugun dole ya kasance a kunne a ɓangarorin biyu, kuma a tuna cewa a 2021, da aka gano ɓarakar tsaron da aka laƙaba wa PrintNightmare, an shawarci masu kula da sabobi su kashe shi inda ba a bugu. Sabar da aka kashe wa shi ba ta karɓar aro.

Na san za a ce abin aro yakan bar hannun mai shi, nan kuwa mai firinta yana ci gaba da bugu da ita ko ana cikin zama. Wannan gaskiya ne, kuma gurgunta ce a kalmar, amma ba ta kai mai gyara ga duba inda bai kamata ba, wanda shi ne ma'aunina. Kalmar kuma tana miƙewa zuwa 'yan'uwan firinta: aron faifai, aron lasifika, aron kyamara. Inda ta tsaya shi ne clipboard, ma'ajiyar abin da aka kwafa kafin a liƙa, domin kwafi da liƙi suna tafiya ta ɓangarorin biyu, wannan tarayya ce ba aro ba, kuma ina roƙon malamai su taimaka mana da sunan da ya dace da shi. Adireshin intanet da ke kai mutum wani shafi daban kuwa a bar masa karkatarwa, domin can da gaske an sauya akala.