Ƙurar da ke sa ruwa ya daskare a gajimare: me za mu kira ta?

Jama'a, na dawo kan tambayar da na jefa ran Talata, inda na nemi ku ba ni sunan Hausa na ƙurar da ke sa ruwa ya daskare a gajimare. Ina shirya darasi ga yaran sakandare a nan Kaduna, na ci karo da abin da Turawa ke kira "ice nucleus", kuma ban so in shiga aji da Hausa rabi Turanci rabi.

Ga abin a taƙaice. An koya mana ruwa yana daskarewa a digiri sifili. A firij haka ne. Amma ɗan ɗigon ruwa mai tsabta a cikin gajimare yakan zauna a ruwansa har wajen digiri 38 ƙasa da sifili. Sanyin ya isa, sai dai ƙanƙarar ba ta sami inda za ta fara ba. In ƙwayar ƙura mai dacewa ta faɗa cikin ɗigon, sai ya daskare tun wajen digiri 15 zuwa 20 ƙasa da sifili. Daga nan ƙanƙarar ta riƙa jan laimar da ke kewaye da ita, ta yi nauyi, ta faɗo, ta narke a hanya. Akasarin ruwan da ke sauko mana a damina da haka yake farawa.

Ba kowace ƙura ce ta iya wannan aiki ba. A 2013 masu bincike a Jami'ar Leeds ta Ingila suka nuna cewa gwanar ita ce feldisfa mai sinadarin fotasiyom, ma'adinin da ke cikin duwatsu irin su Kufena na Zariya. Ita kuwa ƙurar hunturu da ke rufe mana gari, wadda mai yawa daga cikinta ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, ba ta kawo mana ruwa, don a lokacin iska a bushe take ƙayau.

To, sunan.

Da yawanku kun ce "ƙwayar ƙanƙara". Ban yarda ba. Duk Bahaushen da ya ji haka, abin da zai zo masa shi ne wadda ke bugun kwano ta kakkarya masara.

Wata 'yar'uwa daga Tudun Wada ta kawo "irin ƙanƙara", ta kwatanta da ɗan kindirmon jiya da ake zubawa a madara don ta kama. Hajiya, wallahi kwana biyu na yi ina son wannan. Matsalar ita ce in na ce wa yaro "irin ƙanƙara", zai ce wace iri, ta firij ko ta sama? Kuma kindirmo ne ke haifar kindirmo, alhali ƙurar nan ba ƙanƙara ba ce.

"Cibiyar ƙanƙara" fassarar ƙamus ce, kuma kamar sunan shagon masu sayar da ita a Kasuwar Barci.

Sai wani dattijo, tsohon malamin Hausa, ya rubuto kalma ɗaya tak: makama. Malam, Allah ya ƙara girma. Da na koma na duba yadda abin ke faruwa sai na ga ya dace ƙwarai. Da aka leƙa feldisfa da madubin ƙara girma, an ga ƙanƙarar ba ko'ina take fitowa a jikinsa ba, a tsagogi da 'yan ramuka take farawa. Nan ne ƙwayoyin ruwa ke samun wurin riƙewa su jeru. Wato wurin kamawa ne, kamar yadda muke cewa wane ya san makamar aiki. Kuma kalmar ba ta ɗaure mu ga ƙura kaɗai ba, tunda akwai ƙwayoyin bakteriya da ke yin aikin nan tun a digiri 2 ƙasa da sifili.

Saboda haka ran Litinin abin da zan rubuta a allo shi ne makamar ƙanƙara, aikin kuma kamun ƙanƙara. Jam'in ne ya rage: Malam, "makamai" ai zai sa yara su zaci bindigogi nake nufi. Ya za mu yi da shi?