Ƙasan jirgin ruwana ya fara lotsawa a kan tirela, ku ba ni shawara

Baban Amira: Assalamu alaikum. Kawuna da ya yi aiki a Legas ya bar mini ƙaramin jirgin ruwa na faiba, mai tafiya da iska, ƙafa 14. Sai da aka kai ruwa rana da 'ya'yansa kafin na ɗauko shi, har yau babbar ba ta gaishe ni. Na sa mai walda a nan Gombe ya haɗa mini tirela, wato amalanken da mota ke ja, da rola huɗu, ƙananan tayoyin da jirgin ke zama a kai. Sau biyu na kai shi dam ɗin Dadin Kowa. Jiya na shafa ƙasansa, na ji ya lotsa daidai kan rola biyu na baya, ga tsaga siririya kamar gashi. Wallahi ban runtsa ba.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Rolar ce. Nauyin jirgi kan ƙashin bayansa ake ɗora shi, wato doron nan da ya bi tsakiyar ƙasansa, nan ya fi kauri. Gefe faiba ce sirara. Cire rolar gefe, ka sa dogayen katako biyu naɗe da kafet, su bi lanƙwasar jikin har ƙarshen baya. Aikinsu hana shi karkata kawai.

Ɗan Deba: Tsofaffin tayoyi muke shimfiɗa wa kwale-kwale a bayan mota, ba abin da ya taɓa samunsa.

Injiniya: Kwale-kwalen katako daban, malam. Taya ma wuri guda take tokarewa. Baban Amira, a waje yake kwana? In ruwan sama ya taru ciki, kowace lita kilo guda ce.

Mai Shayi: Ni masu waldan nan sun ishe ni. Ƙofar shagona wata uku ke nan, kuɗi ya ci, waya ba ya ɗagawa.

Baban Amira: Injiniya, mai waldana ya iya aiki, shi ya yi mini gyat. Kuma bel na ɗaure shi tamau, ko motsi ba ya yi a gargada.

Injiniya: To ai tamau ɗin ne ke danna shi kan rolar! Sassauta in ka ajiye shi gida.

Ɗan Deba: Ko ka sayar ka huta. Wa ke neman iska alhali ga inji?

Baban Amira: Ba na sayarwa ba ne. Katakon nan kuma sai an sake walda, kuɗi ne. In na cusa tsohuwar katifa tsakanin rolar da jikin fa?