Gangarar layin 2x + 3y = 12: 2 ce ko −2/3?

Auta: Salamu alaikum. Ina bitar lissafin WAEC, an ce a nemo gangarar layin 2x + 3y = 12 (gradient, wato yawan hawa ko saukar layi a kowane taku ɗaya gaba). Yaya ya ce 2, amsar bayan littafi kuma −2/3. Wa zan bi?

Yaya: Ni za ki bi mana. A y = mx + c, lambar da ke manne da x ita ce gangara. Littafin ma ai mutum ne ya buga shi.

Kawu: Ƙa'idar taka daidai ce, amma ka cinye sharaɗinta. Sai y ta tsaya ita kaɗai a ɓangare guda tukuna. A nan kuwa tana ɗauke da 3, ga 2x zaune kusa da ita. Ku tsallakar da 2x, ya zama 3y = −2x + 12. Ku raba komai da 3, y = (−2/3)x + 4.

Yaya: Kawu, da girmanka, wannan juye-juyen ne ya canza amsar.

Kawu: To bar juyi, gwada da lambobi. Sa x = 0, y ta ba ka 4. Sa x = 3, y ta koma 2. Ka matsa gaba taku 3, ka sauka 2. Da gangarar 2 ce, da daga 4 sai ka hau zuwa 10. Layin nan sauka yake yi, ɗana.

Anti: Ni duk kun wahalar da yarinya. In an ba ki ax + by = c, ki rubuta −a/b kawai. Lokacin jarrabawa ba ya jira.

Kawu: Yana aiki, ban musa ba. Amma a ba ta 3y = 2x + 12, x da y ba sa gefe ɗaya, ta manna alamar ragewa inda babu ita. Can gangarar 2/3 ce.

Yaya: Shi ke nan, na bar muku wannan. Amma x = 5 fa? Sifili ce, ko ita ma za a musa?

Auta: Yaya, y = 5 ce mai sifili, ita ce a kwance. x = 5 a tsaye take kamar bango, ba a matsa gaba ko kaɗan, rabawa da sifili ke nan. Ba ta da gangarar da za a rubuta.

Anti: Ko a dabarata haka ya fito, b ɗin sifili ce. Kawu, ka dai yarda ta fi sauri.

Kawu: Saurin na yarda. A ɓangaren da ake duba aiki layi-layi dai, Auta, ki ware y ki nuna yadda kika yi.