Neman kalma: me za mu kira linear da sideband na rediyon CB?

Assalamu alaikum, masu gyaran rediyo da masu kishin harshe. Kalmomi uku nake so mu zauna a kansu, duk daga harkar rediyon CB: linear amplifier, da sideband, da drift. Ta farkon ce ta fi damuna, a kanta zan fi daɗewa.

Ga wanda bai san CB ba, rediyo ne na magana da amsawa, dangin oba-oba, amma na jama'ar gari. Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ware masa wuri a kan megahaz 27 a 1958, da tashoshi 23, aka mai da su 40 a 1977. Mu da muka tashi muna laluben sashen Hausa na BBC da Muryar Amurka a gajeren zango, lissafin mita ba baƙonmu ba ne: CB yana kan mita 11. Direbobin manyan motoci ne suka fito da sunansa bayan ƙarancin man 1973 da dokar da ta hana gudun da ya wuce mil 55 a awa. A tasha ta 19 suke sanar da juna inda ake samun mai da inda 'yan sanda suka tsaya.

Doka a can ta tsayar da ƙarfinsa a wat 4 idan AM ne, irin siginar gajeren zango da muka saba ji, wat 12 idan SSB ne, wato aikawa da sideband ɗaya kawai, wanda zan yi bayaninsa a gaba. Mai son muryarsa ta yi nisa sai ya sayo wani akwati ya sa tsakanin rediyo da eriya, ya ɗaga wat 4 zuwa 100 ko fiye. Akwatin nan shi ne linear, kuma FCC ta haramta haɗa shi da CB. Na faɗi wannan tun da wuri domin raɗa wa abu suna ba ya halatta shi.

To, me za mu kira shi?

Amfilifaya tana bakin mutane, amma a wurinmu ta riga ta zama ta sauti, wadda ke tura lasifika a masallaci da wurin biki. Ka ce wa yaron shago ya miƙo amfilifaya, waccan zai ɗauko. "Mai ƙara ƙarfi" gaskiya ce, sai dai rabin gaskiyar. "Miƙaƙƙiya" kuwa kwafo Turancin ne kawai, Bahaushe ba zai ji komai a cikinta ba.

Abin da masu fasahar ke nufi da linear shi ne, abin da ya fita ya bi sawun abin da ya shiga daidai wa daida. Wat 1 ya shiga, 10 ya fita. 2 ya shiga, 20 ya fita. Inda murya ta yi ƙasa ta fita a ƙasa, inda ta ɗaga ta fita a ɗage, ba ragi ba ƙari a siffarta. Maganar amana ce kafin ta zama maganar ƙarfi. Kuma a nan ake cutar masu saye, domin akwatuna masu araha da yawa da ake tallatawa da wannan suna, ginin da ake kira aji C ne. Taranzistansu a kashe yake har sai sigina ta yi ƙarfin da za ta tashe shi. A FM wannan ba ya ɓata komai, tunda ƙarfin sigina a tsaye yake. A SSB kuwa hawa da saukar ƙarfin shi ne maganar kanta. Sai ƙananan sautuka su yanke, manyan su daku a sama, muryar ta fita a shaƙe, ragowar ta fantsama kan tashoshin maƙwabta waɗanda tazarar kilohaz 10 ce kawai a tsakaninsu. Har ninkin mitar ake fitarwa: 27 sau biyu 54 ne, daidai bakin tasha ta 2 ta talabijin a Amurka, abin da ya sha haɗa masu CB rigima da maƙwabtansu. Na kirki, aji AB, yana barin 'yar wuta kaɗan tana gudana ko ba a magana, don kada farkon kowane sauti ya ɓace.

Shawarata ita ce mu kira shi mai jiyarwa. A babban masallaci, idan liman ya yi kabbara, akwai wanda ke ɗaga murya ya maimaita don sahun baya su ji. Ba ya ƙara harafi, ba ya ragewa, ba ya riga liman. Aikin akwatin nan ke nan idan na gaskiya ne. Amfanin sunan shi ne yana ɗauke da ma'aunin da za a gwada na'urar da shi: wanda ya ji "mai jiyarwa" zai tambaya ko tana isar da magana yadda aka faɗe ta, kafin ya tambayi wat nawa take bayarwa.

Wani dattijo a cikinmu ya kawo sanƙira. Baba, Allah ya ƙara girma, kalmar ta yi daɗi a baki, amma sanƙira aikinsa ne ya ƙawata abin da aka ba shi ya faɗa, ya sa nasa a ciki. Abin da muke gudu ke nan daga na'urar. Wani malami kuma ya nuna damuwa a kan ɗauko kalmar masallaci a ba ƙarfe. Allah gafarta Malam, na fahimci inda ka dosa. Jiyarwa dai Hausa ce ta yau da kullum, daga ji ta fito, ana jiyar da mutum labari, ana jiyar da shi daɗi. Ban ga ta keɓanta da ibada ba, amma idan malamai sun ga akwai rashin ladabi a ciki, a faɗa mu sake nema.

Wani abu da sunan "ƙarfi" ke ɓoyewa: daga wat 4 zuwa 100 ninki 25 ne, amma a allurar da ke auna ƙarfin sigina a rediyon mai saurare kowane mataki ɗaya sai an ninka ƙarfi sau huɗu, don haka matakai biyu da ɗan ɗori kawai za ta motsa. Kuma akwatin ba ya ƙara maka ji. Eriya mai kyau da aka ɗaga sama tana gyara fita da shigowa gaba ɗaya.

Sai sideband. Wannan ba ta ba ni wahala ba. Siginar AM kashi uku ce: ta tsakiya wadda ba ta ɗauke da magana, da biyu a gefenta, sama da ƙasa, kowace ɗauke da maganar cikakkiya. Ta tsakiyar, da Turawa ke kira carrier, ɗan dako za mu ce mata; ko a ƙololuwar magana tana cinye kashi biyu cikin uku na wutar. Biyun nan kuwa ɓari ne, yadda muke cewa ɓarin goro: ɓarin sama da ɓarin ƙasa. SSB shi ne a cire ɗan dako, a cire ɓari guda, a zuba wutar duka a cikin wanda ya rage. John Carson ne ya nemi rajistar dabarar a 1915, kuma da ita aka buɗe layin tarho ta rediyo tsakanin New York da Landan a 1927. Sai mu ce rediyon ɓari ɗaya. Masu CB a Amurka sun fi haɗuwa a tasha ta 38, ɓarin ƙasa. Na san a rubuce ɓari yana kama da ɓarin zubewa, amma da zarar an ce "na sama" ko "na ƙasa" ruɗanin ya kau. Waɗanda suka zaɓi "gefe" ba su yi kuskure ba, ni dai ɓari ya fi nuna mini cewa su biyu ne masu kama da juna.

Ta ukun, drift, wato mitar rediyo ta riƙa barin inda aka saita ta, ta taso ne daga ta biyun. Tunda an cire ɗan dako a wurin aikawa, dole rediyon mai karɓa ya ƙirƙiro nasa ya mayar a gurbin, kuma sai ya faɗa daidai. Kuskuren haz 100 a cikin miliyan 27, wato abin da bai kai kashi huɗu cikin miliyan ba, ya isa ya sauya muryar mutum, ta sirance ko ta yi kauri. Abin da ke riƙe mitar ɗan ƙaramin dutse ne na kiristal, shi kuwa zafi na motsa shi. Shi ya sa rediyo irin Cobra 148 GTL ke da maɓallin da ake murzawa a daidaita murya, masu shi ke kunna shi ya ɗan ɗumama kafin su fara magana. Maɓallin saiti ya ishe shi suna. Drift ɗin kansa na so mu ce gocewa, kishiyarsa kuma tsayuwa: "rediyon nan yana gocewa idan ya yi zafi", "an gyara masa tsayuwa". Zamewa ma ta zo a raina, amma ita tana nuna abu na farat ɗaya, wannan kuwa a hankali yake tafiya.

A nan ne kalmomin ke haɗuwa. Mai jiyarwa na wat 100 yana jan wuta mai yawa daga batirin mota, kuma a SSB jan yana hawa da sauka tare da kowace gaɓar magana. Idan wayar wutar siririya ce, ko rediyo da akwatin suna sha daga waya ɗaya, wutar na faɗuwa duk lokacin da aka ɗaga murya, mitar ta goce tare da ita, mai saurare ya ji murya na rawa. Ga zafin akwatin idan an jingina shi da rediyon. Gyaran tsayuwa shi ne waya mai kauri kai tsaye daga batir, da daidaitacciyar wuta ga sashen kiristal, da canza ƙananan kafasito zuwa waɗanda zafi ba ya motsa su, ko a sa kiristal mai gyara kansa gwargwadon zafi. Wanda kuma ƙarfin yake so da gaske, lasisin masu rediyon sha'awa (amateur radio) ne hanyarsa: zangonsu na mita 10 yana maƙwabtaka da CB, kuma a Amurka ana yarje musu har wat 1,500 gwargwadon matakin lasisi.

Akwai ɗaya da ta rage mini, ita ce bias, 'yar wutar nan da ake bari tana gudana a taranzista ko ba a magana. Na yi tunanin "wutar jiran aiki", amma ta yi tsawo ga mai riƙe da ƙarfen soda a hannu. Masu gyara na Sabon Gari da Kasuwar Barci da Maraɗi, me kuke ce mata a teburin aiki?