An samu namiji, Baba ya ce Ja'afaru: ina neman shawararku kafin Alhamis

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Allah ya sauki maiɗakina lafiya ranar Alhamis, an samu namiji. Suna Alhamis mai zuwa in sha Allah. Baba ya ce a sa masa Ja'afaru, sunan mahaifinsa. Ni ba ni da ja, sai dai uwar yaron ta tambaye ni ma'anar sunan na rasa abin faɗa. Masu sani a taimaka.

Maman Sumayya: Barka, barka! Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya.

Malamin Kofar Doka: Wa alaikumus salam. Allah ya raya shi bisa sunna. A Larabci ja'afar ƙaramin kogi ne, rafi mai gudana. Ka ce mata ta tuna rafin Kubanni na nan Zariya a tsakiyar damina. Wasu ƙamusoshin sun ƙara da cewa ana kiran raƙuma mai yawan nono da wannan kalma. Ko ta ina ka ɗauka, albarka ce mai gudana.

Amma ni abin da ya fi ja na shi ne mai sunan. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, ɗan baffan Annabi (SAW), yayan Sayyidina Aliyu da shekara 10. Shi ya yi magana da yawun Musulmi a gaban Najjashi sarkin Habasha lokacin da Ƙuraishawa suka aiko a mayar da su Makka, ya karanta farkon Suratu Maryam har sarki ya yi kuka. Bai dawo ba sai shekara ta 7 bayan hijira, daidai da cin Khaibar. A shekara ta 8 aka yi yaƙin Mu'uta, a ƙasar Jodan ta yau. Zaidu ɗan Harisa ya yi shahada, Ja'afar ya karɓi tuta, aka sare hannunsa na dama ya riƙe da hagu, aka sare na hagun ya rungume ta a ƙirji har ya faɗi. Shi ya sa ake ce masa mai fukafukai biyu. Kuma ya tabbata a Bukhari cewa Annabi ya ce masa ya yi kama da shi a halitta da ɗabi'a. Wallahi duk sanda na zo wurin tutar nan a karatu sai muryata ta canza.

Hajiyar Kwarbai: Malam ka manta da na gida. Sarkin Zazzau Ja'afaru ɗan Isyaku ya hau a 1937, ya rasu a 1959, Sarki Muhammadu Aminu ya gaje shi. Mahaifina har ya bar duniya yana lissafin shekaru da "zamanin Ja'afaru". Ɗana, tambayi Babanka da kyau, ta yiwu kakan naka ma albarkacin sarkin aka sa masa.

Sannan ka shirya laƙabi tun yanzu. Mahaifiyarka ba za ta taɓa buɗe baki ta kira sunan surukinta ba, ko a kan jariri ne. In ba ku zaɓa ba, mata za su zaɓa muku ranar suna, kuma abin da suka kira shi ya zauna.

Baban Hanifa: Gaskiya ne Hajiya, tun jiya Inna "mai sunan Malam" take ce masa.

Ɗan Sabon Gari: Ku yi haƙuri in faɗi abin da wasu za su faɗa a bayan ido. A Zariyar nan akwai wanda zai ji Ja'afar ya ce sunan ɓangare kaza ne. Abokina ya fuskanci haka a wurin sunan ɗansa.

Malamin Kofar Doka: Wanda ya faɗi haka bai duba Muwaɗɗa ba. Imamu Malik, wanda muke kan mazhabarsa, ya ruwaito hadisai daga Ja'afarus Sadiƙ, wanda ya rasu a Madina a shekara ta 148 bayan hijira. Ta wajen uba tattaɓa-kunnen Sayyidina Husaini ne, ta wajen uwa kuma jinin Sayyidina Abubakar. Sunan na kowa ne. Marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam da aka harbe a masallacinsa na Ɗorayi a Kano yana sallar Asuba a watan Afrilun 2007, har gobe ana sa tafsirinsa a rediyo da azumi. Yara nawa aka sa wa sunansa bayan rasuwarsa?

Maman Sumayya: Yayana ma biyu ya sa wa, na uwargida da na amarya, ana bambanta su da Babba da Ƙarami.

Malama daga Samaru: Ni shawarata ta takarda ce, kuma don Allah kada ka raina ta. Ku zauna yau ku tsayar da rubutu ɗaya. Ƙanena a takardar haihuwa Ja'afaru ne, a firamare aka rubuta Jafar, wurin rajistar jarrabawa kwamfuta ta ƙi karɓar ɗan waƙafin nan na sama ya koma Jaafar. Da ya zo neman gurbin karatu aka ce ba mutum ɗaya ba ne. Sai da muka yi rantsuwa a kotu, muka yi ta zirga-zirga kusan wata biyu, yaron nan har ya rame. In ni ce, Jaafar zan rubuta a ko'ina, a gida a kira shi Ja'afaru yadda Baba yake so.

Ɗan Sabon Gari: Laƙabi kuwa ku ce Sadik, tunda akwai Ja'afarus Sadiƙ.

Hajiyar Kwarbai: A'a ɗana. A ƙasar Hausa Sadik na Abubakar ne, kowa Abubakar zai ɗauke shi. Abba ya fi, ko Baffa. Tunda kakan malami ne ma, Malam ɗin da Inna ta fara ya isa.

Wani abu kuma da Malam bai faɗa ba. Abincin da muke kai wa gidan rasuwa, asalinsa gidan Ja'afar ne. Da labarin shahadarsa ya iso Madina, Annabi ya ce a dafa wa iyalan Ja'afar abinci, don abin da ya same su ya shagaltar da su. Matarsa Asma'u 'yar Umais ce. In Allah ya kawo mace nan gaba, ga suna a ajiye.

Baban Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa mai jego duka, wurin tutar ta sa na maimaita. Ta ce Malam za ta riƙa kiransa. Takarda kuma Jaafar, kamar yadda Malama ta ce. Raɗin suna bayan sallar Asuba ne a ƙofar gidan Baba a Tudun Wada. Malam, Baba ya ce kai za ka yi addu'a, sai ka zo da wuri.

Malamin Kofar Doka: In sha Allah a masallacinku zan yi Asuba.